Fansho, Katako da Bindiga: Yadda Birtaniya ta Auna Kuɗin Inshorar Jama'a, 1942–1956

Gabatarwa

Ranar 1 ga watan Disamba na shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa a ƙasar Hausa suke kira yaƙin Hitila, mutane suka yi dogon layi a birnin Landan, a ƙofar kantin da ake sayar da takardun gwamnati. Ba sukari ko man shanu ake rabo ba. Wani rahoto ne mai shafi kusan 300, cike da jadawali da alƙaluma, a kan yadda za a gyara tsarin inshora da fansho na ƙasar. Marubucinsa William Beveridge, masanin tattalin arziki ne kuma tsohon shugaban Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan. Kafin ƙura ta lafa, an sayar da kwafi fiye da 600,000 na rahoton da taƙaitaccen bayaninsa.

Wannan takarda za ta duba muhawarar da ta biyo bayan fitowar rahoton. Tambayar da aka yi shekara da shekaru ana kai-komo a kanta ita ce: ƙasar da yaƙi ya tatse, za ta iya ɗaukar nauyin marasa lafiya da tsofaffi da marasa aiki, alhali ga gidaje sun rushe, ga masana'antu sun tsufa, ga bashi, ga sojoji a ko'ina cikin duniya? Abin da takardar za ta nuna shi ne, a cikin duk alkawuran da aka yi wa mutanen Birtaniya a lokacin yaƙi, inshora ce mafi sauƙin cikawa, duk da cewa ita aka fi yi wa kallon dodo. Abubuwan da suka yi ƙaranci da gaske bayan yaƙi ba sulalla ba ne. Dala ce, da katako, da ƙarfe, da hannayen ma'aikata.

Da yake za a yi ta ambaton kuɗin wancan zamani, ya kamata a tuna cewa fam 1 sule 20 ne, sule 1 kuma kwabo 12. Taro kwabo 3 ne, sisi kwabo 6, nai kwabo 9. Kuɗin da aka kashe a Kano da Kumasi ke nan a zamanin Turawa, shi ya sa sunayensu suka zauna a bakin Hausawa har bayan kuɗin sun shuɗe.

Abin da aka gada

Inshorar jama'a tana kama da adashi ta wata fuska, domin kowa yana zubi. Inda suka bambanta shi ne, a adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, a inshora kuwa sai wanda lalura ta faɗa wa yake ɗauka, kuma doka ce take tilasta zubin. A Birtaniya an fara wannan tsari da dokar 1911 ta David Lloyd George. A ɓangaren rashin lafiya, ma'aikaci namiji yana zuba kwabo 4 a mako, mai ba shi aiki taro, gwamnati kwabo 2. Ana liƙa kan sarki na musamman a katin ma'aikaci don shaidar an biya. Sai dai tsarin ya tsaya a kan ma'aikacin kaɗai. Matarsa da 'ya'yansa ba su da likita kyauta. Fanshon tsufa kuwa sule 10 ne a mako, kuma ya daɗe a haka.

Akwai kuma tabon da yaƙin farko ya bari. A 1918 an yi wa sojojin da suka dawo alkawarin gidaje masu kyau, amma zuwa 1922 gwamnati ta zabge kuɗin gidaje da na ilimi da sunan tsimi. A farkon shekarun 1930 marasa aiki sun kusa miliyan 3, kuma duk wanda haƙƙinsa na inshora ya ƙare sai jami'i ya zo ya binciki abin da kowa a gidan yake samu kafin a taimake shi. Talakawa sun tsani wannan bincike matuƙa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin lura shi ne, macijin nan ya sari ɓangarorin biyu. Talaka yana tsoron a sake yi masa alkawari a saɓa, don haka yana son a kafa doka tun ana yaƙi. Masu mulki su ma suna tsoron su sake yin alkawarin da ba za su iya cikawa ba, don haka suna son a jira.

Rahoton da lissafinsa

A watan Yuni na 1941 aka naɗa Beveridge shugaban wani kwamiti na ma'aikatan gwamnati. Abin da aka zata za su yi ɗan gyare-gyare ne. Da aka ga inda ya dosa, sai aka yanke shawarar shi kaɗai zai sa hannu a rahoton, don kada a ce gwamnati ce ta yi magana. Ya ce dodanni biyar ne suka tare hanyar gyaran ƙasa: fatara, da cuta, da jahilci, da ƙazantar muhalli, da zaman banza. Inshora kuwa na farkon kawai za ta iya kayarwa. Saboda haka ya kafa sharuɗɗa uku waɗanda in babu su shirin ba zai tsaya da ƙafarsa ba: a riƙa biyan iyaye alawus na 'ya'ya, a kafa tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa, a kuma hana rashin aiki ya yi katutu kamar da.

Tsarin da kansa ba shi da sarƙaƙiya. Kowa zubi ɗaya, kowa ɗauka ɗaya, ko mai shara ne ko manajan banki. Ma'aikaci namiji zai zuba sule 4 da taro a mako, mai ba shi aiki sule 3 da taro, jimla sule 7 da sisi a kan sarki guda. In ciwo ko rashin aiki ko tsufa ya zo, mutum ɗaya zai karɓi sule 24 a mako, miji da mata sule 40, ba tare da an leƙa tukunyar kowa ba.

Tun kafin rahoton ya fito, Beveridge ya san inda gizo yake saƙa, wato Baitulmali. Don haka a tsakiyar 1942 ya zauna da John Maynard Keynes, wanda yake ba Baitulmali shawara a lokacin, suka yi ciniki. Keynes ya yarda zai goyi bayan shirin idan ƙarin nauyin da zai hau kan gwamnati bai wuce fam miliyan 100 a shekara ba a shekaru biyar na farko. Don a kai ga wannan adadi, Beveridge ya sadaukar da abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, ba za a biya alawus a kan ɗan fari ba muddin uba yana aiki. Na biyu, wanda ya fi ciwo, cikakken fansho ba zai fara nan take ba. Za a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har tsawon shekara 20. Ma'ana, tsofaffin da suke raye a 1942, da yawansu ba za su ga cikakken fanshon ba.

A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya dubi alƙaluman da kyau, domin a cikinsu maganar take. Rahoton ya ƙiyasta cewa a 1945 shirin gaba ɗaya, har da kiwon lafiya da alawus na 'ya'ya, zai ci fam miliyan 697, ya kuma hau zuwa miliyan 858 a 1965. Wannan adadi ne ya tsorata mutane. To amma ko da ba a taɓa komai ba, tsohon tsarin zai ci miliyan 432. Ƙarin ke nan miliyan 265. Wa zai biya shi? Masu zubi, wato ma'aikata da kansu, za su ɗauki miliyan 125. Masu ba da aiki miliyan 54. Abin da ya rage wa gwamnati da ƙananan hukumomi miliyan 86 ne kacal. A wannan lokaci gwamnati tana kashe fiye da fam miliyan 5,000 a shekara saboda yaƙi, wato miliyan 86 bai kai kuɗin mako guda ba. A taƙaice, kaso mafi tsoka na sabon nauyin a wuyan ma'aikata yake: mai lafiya ya biya wa maras lafiya, matashi ya biya wa tsoho.

Uzurin Baitulmali

Ba daidai ba ne a ɗauki masu ɗari-ɗari da shirin a matsayin marowata kawai. Ministan Kuɗi, Kingsley Wood, ya rubuta wa Firayim Minista Winston Churchill tun a watan Nuwamba na 1942 cewa shirin nauyi ne da ba zai ɗauku ba. Hujjojinsa ba na wasa ba ne. Kafin yaƙi, duk kasafin kuɗin ƙasar bai wuce kimanin fam miliyan 1,000 ba, don haka a ma'aunin zaman lafiya miliyan 86 ba ƙaramin abu ba ne, kuma zai yi ta hauhawa yayin da tsofaffi suke ƙaruwa. Harajin kuɗin shiga ya kai sule 10 a kowane fam, kuma jama'a suna jiran a sassauta musu. Lissafin Beveridge ya dogara ne a kan cewa rashin aiki ba zai wuce kashi 8.5 cikin 100 ba, alhali tsakanin yaƙoƙin biyu da wuya ya sauko ƙasa da kashi 10. Sannan akwai Amurkawa, waɗanda suke ba Birtaniya makamai da abinci aro. Yaya za su ji idan suka ga mai cin bashi yana ɗinka sabuwar riga?

A watan Janairu na 1943 Churchill ya aika wa ministocinsa takarda yana gargaɗin cewa jama'a sun fara sa rai fiye da kima. Ya jero buƙatun da suke layi: ilimi, gidaje, lafiya, noma, kare darajar ajiyar da mutane suka yi lokacin yaƙi. Ya jero kuma abin da yake ɗaya gefen sikeli: jarin Birtaniya na ƙasashen waje ya kusa ƙarewa, Amurka za ta yi gogayya da ita a harkar jiragen ruwa, sayar da kaya waje zai yi wuya, dole a taimaki Turai, dole a raya ƙasashen da take mulka, dole kuma a riƙe manyan rundunonin sama da na ruwa da sojojin da za su tsare ƙasashen abokan gaba. Duk wanda ya karanta abin da ya faru daga baya zai ga cewa kusan duk abin da ya hango ya tabbata. Kuskurensa ɗaya ne: ya sa inshora a layi ɗaya da sauran, kamar duka daga rijiya ɗaya suke sha.

A siyasance kuwa gwamnati ta yi ɓaram-ɓarama. Ma'aikatar Yaƙi ta janye taƙaitaccen bayanin rahoton da aka buga don sojoji su tattauna, kwana biyu kacal bayan an raba shi. Daga 16 zuwa 18 ga Fabrairu, 1943, Majalisar Wakilai ta yi muhawara. John Anderson da Kingsley Wood, waɗanda suka yi magana da yawun gwamnati, sun amince da yawancin shawarwarin, amma kowace amincewa sai sun ɗaura mata sharaɗin "idan hali ya yi". Sun rage alawus na 'ya'ya daga sule 8 da Beveridge ya nema zuwa sule 5. 'Yan majalisa na jam'iyyar Leba suka fusata, duk da cewa shugabanninsu suna cikin gwamnatin haɗin gwiwa. Gwamnati ta yi nasara da ƙuri'a 335 a kan 119, amma 97 daga cikin masu adawar 'yan Leba ne, kuma tsoho Lloyd George yana tare da su. Wata guda bayan haka Churchill ya yi jawabi a rediyo yana goyon bayan inshorar dole ga kowa, abin da Bahaushe zai ce daga zanen goyo har likkafani. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A zaɓen watan Yuli na 1945 jam'iyyar Leba ta lashe kujeru 393, Clement Attlee ya zama Firayim Minista. Shi kansa Beveridge, wanda ya tsaya a jam'iyyar Libaral, ya faɗi a mazaɓarsa.

Ranar da dala ta yanke

Sabuwar gwamnati ba ta cika wata guda ba, a watan Agusta na 1945, Amurka ta dakatar da shirin ba da kaya aro. Birtaniya ta wayi gari ta rasa kimanin rubu'in dukiyarta, kayan da take sayarwa waje sun koma kusan sulusin na kafin yaƙi, ga bashin da Indiya da Masar da wasu ƙasashe suke bin ta wanda ya haura fam miliyan 3,000. Ƙasa ce kuma da ba ta iya ciyar da kanta, sai ta sayo alkama da nama da auduga da katako daga waje, kuma mafi yawan masu kayan sayarwa a lokacin dala suke karɓa. Keynes ya tafi Washington da fatan samun kyauta, ya dawo da rance: dala biliyan 3.75 a kan ruwa kashi 2 cikin 100, da wani rancen daga Kanada. Sai a watan Disamba na 2006 aka gama biyan su.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Attlee ta yi abin da Beveridge da kansa bai yi ƙarfin halin nema ba. Dokar inshora ta 1946, wadda James Griffiths ya gabatar, ta yi watsi da jiran shekara 20. Daga watan Oktoba na 1946 fanshon waɗanda suke cikin tsohon tsarin ya tashi daga sule 10 zuwa sule 26, miji da mata sule 42. An fara biyan alawus na 'ya'ya a watan Agusta na shekarar. Ranar 5 ga Yuli, 1948, sabuwar inshora da Hukumar Kiwon Lafiya ta Ƙasa suka fara aiki tare.

Me ya sa ƙasar da take karɓar rance ta iya wannan? Dalili shi ne, fansho kuɗi ne da yake fita daga aljihun ɗan ƙasa ya shiga aljihun ɗan ƙasa. Ba ya bukatar jirgin ruwa, ba ya bukatar dala kai tsaye. Gaskiya ne tsohuwar da ta sami ƙarin sule 16 za ta so ƙarin shayi da nama, waɗanda daga waje suke zuwa, amma da yake an ƙayyade abin da kowa zai saya da kati, kuɗin bai iya jawo ƙarin kaya daga waje yadda ya ga dama ba. Bugu da ƙari, abin da Wood ya fi tsoro bai faru ba. Maimakon kashi 8.5, rashin aiki ya tsaya wajen kashi 2 cikin 100 ko ƙasa da haka a yawancin shekarun, don haka asusun inshora rara ya riƙa tarawa.

A kwatanta wannan da gida. Bama-bamai sun rusa gidaje fiye da 200,000, sun lalata wasu miliyoyi, kuma an yi shekara shida ba a yi gini ba. A bazarar 1946 dubban iyalai suka kutsa cikin barikokin soja da aka bari, suka tare. Amma gida yana cin katako, katako kuma yana cin dala. A watan Yuli na 1947, bisa sharaɗin rancen Amurka, aka ba masu riƙe da fam damar canza shi zuwa dala. Cikin mako biyar dalar ta zube kamar ruwa a kwando, aka dakatar da canjin a watan Agusta. Abin da aka zabge bayan wannan shi ne shigo da katako da abinci da man fetur, da shirin gina gidaje na Aneurin Bevan. Ba a taɓa fansho ba, domin ko an rage shi ba zai haifar da dala ba.

Haka ma ilimi. Dokar 1944 ta ce yara su zauna a makaranta har shekara 15 maimakon 14. A farkon 1947 wasu manyan ministoci suka nemi a ɗage, ba don kuɗin malamai kaɗai ba, sai don masana'antu suna bukatar hannayen waɗannan yara, kuma azuzuwa suna bukatar magina. Ministar Ilimi Ellen Wilkinson ta kafe, aka aiwatar a watan Afrilu na 1947, makonni kaɗan bayan rasuwarta.

Babban mai cin dala da hannaye kuwa soja ne. Har ƙarshen 1946 mutum fiye da miliyan 1 suna sanye da kaki, daga Jamus zuwa Falasɗinu zuwa Malaya. Ciyar da yankin Jamus da Birtaniya ta mamaye kaɗai yana cin kimanin fam miliyan 80 a shekara, kusan daidai da abin da aka yi ta cacar baki a kansa a 1943, kuma da yawansa da dala ake biya. Burodi, wanda ba a ƙayyade shi ba duk tsawon yaƙi, sai a watan Yuli na 1946 aka sa masa kati. A watan Janairu na 1947 wani ƙaramin kwamiti na ministoci ya yanke shawarar ƙera bam ɗin nukiliya a asirce. A watan Fabrairu kuma gwamnati ta shaida wa Amurka ba za ta iya ci gaba da tallafa wa Girka da Turkiyya ba, ta miƙa batun Falasɗinu ga Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma sa ranar barin Indiya.

Waɗanda ba a sa a lissafi ba

Akwai wani gefen sikelin da ba a ambata a muhawarar 1943 ba. Ƙasashen da Birtaniya take mulka suna cikin yankin fam, don haka dalar da robar Malaya da kokon Gwalkwas, wato Gana ta yau, suke samowa daga Amurka, asusun Landan take shiga. A Afirka ta Yamma an kafa hukumomin sayen amfanin gona, na koko a 1947, na gyaɗa da auduga da manja a Nijeriya a 1949. Suna sayen kaya daga manomi a farashin da suka yanke, wanda a waɗannan shekaru ya gaza na kasuwar duniya ƙwarai, rarar kuma a ajiye ta a Landan. Hujjar da aka bayar ita ce a tanadar wa manomi don ranar da farashi zai faɗi. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya soki tsarin da kakkausar murya a littafin da ya fitar a 1954. Dalar gyaɗa ta Kano ma, wadda ake alfahari da hotonta, wani ɓangare na dalilin tsayinta a ƙarshen shekarun 1940 shi ne ƙarancin kawunan jirgi da taragai da za su kwashe ta zuwa Ikko, a daidai lokacin da Birtaniya take neman man girki ido rufe.

Ba za a ce manomin gyaɗa ne ya biya fanshon Ingila ba, domin an riga an ga inda kuɗin fansho ya fito. Abin da ya taimaka ya toshe shi ne giɓin dala da na abinci, wato ainihin inda ƙasar take ciwo. Abin da aka ba shi a madadi kuwa, dokar raya ƙasashen mulkin mallaka ta 1945 ta ware fam miliyan 120 na shekara 10 ga dukkansu, wato miliyan 12 a shekara. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Bama, waɗanda Hausa ce harshen barikin da yawansu, sun dawo ƙasashen da shirin Beveridge bai shafa ba. A ɓangaren Faransa, wadda ta kafa nata tsarin a watan Oktoba na 1945, sai a 1956 ma'aikatan albashi na Afirka ta Yamma suka fara samun alawus na iyali, bayan shekaru na gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago.

Haƙora da tabarau

Inda lissafin Beveridge ya kauce sosai shi ne kiwon lafiya. Ya sa masa fam miliyan 170 a 1945, ya kuma bar shi a miliyan 170 har 1965, bisa zaton cewa idan jama'a suka sami lafiya, bukatar magani za ta ragu. Da aka buɗe ƙofa a 1948, sai ga mutanen da suka yi shekaru suna fama da ruɓaɓɓun haƙora, da masu karatu da tabaran da suka saya a kasuwa, da matan da suka daɗe suna ɓoye ciwo saboda kuɗin likita. Cikin shekara uku kuɗin ya ninka ƙiyasin fiye da sau biyu, ko da yake tsadar kaya ma ta taka rawa. Shi kuwa wannan ɓangare, ba kamar inshora ba, kusan duka daga haraji ake biyan sa.

Ana cikin haka yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yuni na 1950. Bisa matsin Amurka, gwamnati ta amince da shirin makamai na fam miliyan 3,600 cikin shekara uku, sannan a watan Janairu na 1951 ta ɗaga shi zuwa miliyan 4,700. A kasafin watan Afrilu, Ministan Kuɗi Hugh Gaitskell ya ce daga yanzu mai son haƙoran roba ko tabarau zai biya wani kaso. Abin da za a tsimi a shekarar farko fam miliyan 13 ne. Bevan ya yi murabus, Harold Wilson da John Freeman suka bi shi. An sha cewa girman kai ne da neman shugabanci suka tura shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma hujjar da ya kafa ta fi ta abokan hamayyarsa ƙarfi: ya ce babu isassun injuna da ƙarfe da za a kashe miliyan 4,700 a kansu cikin shekara uku, kuma yunƙurin yin haka zai karya cinikin waje. Churchill ya dawo mulki a watan Oktoba na 1951, kuma kafin shekarar ta ƙare ya amsa a majalisa cewa ba za a iya kammala shirin a kan lokaci ba, aka shimfiɗa shi. Duk da haka kuɗin tsaro ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasa take samarwa a 1952.

Hukuncin masana tarihi

A 1986 Correlli Barnett ya fitar da littafi wanda ya yi tasiri a kan ministocin Margaret Thatcher. Ra'ayinsa shi ne, masu mafarkin sabuwar duniya irin su Beveridge sun ja ƙasar ta kashe ƙarfinta a kan jin daɗin jama'a da gidaje, a lokacin da Jamus da Faransa suke gyara masana'antu, da layin dogo, da koyar da sana'a. Ta fuskar gidaje maganarsa tana da madafa, domin gida da masana'anta maginin ɗaya suke nema, ƙarfe ɗaya suke nema. Ta fuskar inshora kuwa hujjar ba ta da ƙafa. José Harris, wadda ta rubuta tarihin rayuwar Beveridge, ta nuna cewa tun a 1950 Jamus ta Yamma da Ostiriya da Beljiyam suna kashe kaso mafi girma na arzikinsu a kan inshorar jama'a fiye da Birtaniya, kuma hakan bai hana tattalin arzikinsu bunƙasa ba. Abin da Jamus ta Yamma ba ta da shi a 1950 shi ne runduna, da sansanoni a gabashin Suwez, da shirin nukiliya. David Edgerton ya bi wannan layi, inda ya nuna cewa Birtaniya ta wancan zamani ƙasar makamai ce kafin ta zama ƙasar jin ƙai.

Hasali ma, aibin tsarin Beveridge arha ne, ba tsada ba. Tun da kowa zubi ɗaya yake yi, dole a tsayar da zubin inda mafi ƙarancin albashi zai iya, ɗaukar ma sai ta tsaya a ƙasa. Sule 26 bai daɗe ba tsadar kaya da kuɗin haya suka cinye shi, tsofaffi da yawa suka koma neman ƙarin agaji wanda sai an binciki halin mutum ake ba shi, wato abin da aka yi alkawarin kawarwa.

A 1953 gwamnatin 'yan mazan jiya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Claude Guillebaud na Jami'ar Kambirij don ya gano yadda za a taka wa kuɗin kiwon lafiya birki. Brian Abel-Smith da Richard Titmuss suka yi masa lissafi. Rahoton ya fito a 1956, kuma bai kawo abin da Baitulmali take jira ba. Ya ce babu almubazzaranci na a-zo-a-gani, kuma rabon hukumar daga abin da ƙasa take samarwa ya ma ragu, daga kashi 3.75 cikin 100 a 1949–50 zuwa kashi 3.25 a 1953–54. Inda ya ga giɓi shi ne gine-gine: abin da ake kashewa a kan ginin asibitoci ya gaza na kafin yaƙi nesa ba kusa ba, kuma asibitoci da yawa tun na ƙarni na 19 ne. Ya ba da shawarar a ƙara. Babban shirin gina sababbin asibitoci bai zo ba sai a 1962, shekara 14 bayan buɗe hukumar.